Yadda jami'o'i suka riƙe hulɗar ƙetare a zamanin korona

A ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin wata ya ƙare, jirage sun tsaya, ofisoshin biza sun rufe, jami'o'i sun sallami ɗalibai. Harkar da ta dogara da tafiye-tafiye, wato musayar ɗalibai da malamai da tarukan ƙara wa juna sani, ta tsaya cik.

Ɗaliban da ke karatu a ƙasashen waje su ne suka fi ji a jikinsu. Darussa sun koma Zoom, ɗalibin da ya koma gida Indiya ko Ghana sai ya tashi tsakar dare don ya riski laccar da ake yi a Amurka. A watan Yulin 2020 gwamnatin Trump ta ce duk ɗalibin ƙetare da karatunsa ya koma intanet gaba ɗaya ya tattara ya bar ƙasar. Jami'o'in Harvard da MIT suka kai ƙara kotu, wasu da dama suka mara musu baya, cikin mako guda gwamnati ta janye dokar. Ba tausayi kaɗai ya motsa su ba, kuɗin makarantar da baƙi ke biya babban jigo ne a kasafinsu. Ostireliya ba ta buɗe wa ɗalibai ƙofa ba sai Disamban 2021, Sin kuwa ta kai 2022.

A fagen bincike kuwa, abin mamaki, annobar ƙara ɗaure zumunci ta yi. A watan Janairun 2020 Farfesa Zhang Yongzhen na Jami'ar Fudan da ke Shanghai, tare da abokin aikinsa Edward Holmes na Jami'ar Sydney, suka saka cikakken tsarin halittar ƙwayar cutar a intanet kowa ya ɗauka kyauta. Da wannan bayani aka fara haɗa kayan gwaji da allurar rigakafi. Mutanen biyu sun daɗe suna aiki tare, shi ya sa magana ta waya ta wadatar.

Haka abin ya kasance a Najeriya. Da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas a ƙarshen Fabrairun 2020, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta fitar da tsarin halittar ƙwayar cikin 'yan kwanaki, karo na farko a Afirka. Cibiyar ta yi shekaru tana aiki da masanan Harvard a kan zazzaɓin Lassa da Ebola, injina da ƙwararru suna nan tun kafin buƙata ta taso. Rigakafin Jami'ar Oxford ma an gwada shi a Brazil da Kenya da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, kuma irinsa ne ya fara sauka Abuja a watan Maris na 2021.

Sai dai siyasa ba ta saka wa masana da alheri ba. A Nuwamban 2021 masu bincike a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron, suka sanar da duniya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tukwicin da aka ba su shi ne haramta wa matafiya daga yankin shiga Turai da Amurka, har kayan gwajin da suke sayowa suka yi wuyar isowa. Ingila ta haɗa da Najeriya a jerin ƙasashen da haramcin ya shafa cikin Disamba. Wannan mataki, a ganina, ya koya wa ƙasashe cewa faɗin gaskiya hasara ce.

Yawancin jami'o'in gwamnatin Najeriya kuwa ba su shiga wannan hada-hada ta haɗin gwiwa da ƙetare ba, domin malamai sun yi yajin aikin ƙungiyarsu ta ASUU daga Maris zuwa Disamban 2020, ga tsadar data da rashin wutar lantarki. Yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu da jami'o'in waje, aka ɗauki hoto aka adana a fayil, ba su tsinana komai ba. Don haka muna kira ga shugabannin jami'o'inmu da hukumar TETFund su zuba kuɗi a ɗakunan gwaje-gwaje da intanet mai ƙarfi, su kuma tallafa wa malaman da ke da aikin haɗin gwiwa na gaske da takwarorinsu na waje tun yanzu da ake zaune lafiya.