Black cohosh da ɗaukewar al'ada: abin da ya kamata ki sani kafin ki sha

Idan shekarunki sun kai 45 zuwa 55, al'ada ta fara yi miki wasa, zafi na taso miki kwatsam daga ƙirji zuwa fuska, kina jiƙewa da gumi cikin dare ko a lokacin hunturu, wataƙila al'adar ce ke shirin ɗaukewa. Cikin magungunan da ake tallata wa mata a intanet saboda wannan akwai black cohosh.

Tsiro ne na dazuzzukan gabashin Amurka da Kanada, ba ya fitowa a Jangebe ko wani wuri a ƙasar Hausa. Da saiwarsa ake yin ƙwayoyin. Kada ki ɗauka habbatus sauda ce, tsiro ne daban.

Yana aiki kuwa? A 2012 ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi kan mata fiye da 2,000, ba ta sami gamsasshiyar hujja cewa yana rage wannan zafin ba.

Abin da ya fi damun likitoci shi ne hanta. A 2006 hukumar magunguna ta Birtaniya ta nemi a rubuta gargaɗi a kwalinsa, bayan rahotannin lalacewar hanta ga wasu masu shan sa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Najeriya, kuma mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba. Don haka ki yi gwajin jini tukuna.

Kada ki sha idan kina da juna biyu, kina shayarwa, ko kina da ciwon hanta. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ta fara tuntuɓar likitanta. Idan kin riga kin fara, ki daina nan take muddin idanunki suka yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko gefen dama na cikinki ya riƙa ciwo.

Akwai alamomin da bai kamata a jingina wa ɗaukewar al'ada ba. Gumin dare tare da tari da rama na iya zama tarin fuka. Jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewarsa na iya zama alamar sankarar mahaifa. Idan kin ga ɗaya daga ciki, ki je Babban Asibitin Talata Mafara, ki tafi da kwalin duk maganin da kike sha, har da na gargajiya, likita ya duba.