Kafin Ruwan Farko: A Hau Rufin Ɗakin Ajiya A Duba Tsaga

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa a ƙasar Tofa suna tara hatsi a ɗaki guda, suna jiran farashi ya tashi kafin su kai kasuwar Dawanau. Wannan dabara ce mai kyau. Amma fa lokacin da hatsi yake tsada, watau daga Yuni zuwa Agusta, shi ne kuma lokacin da ruwa yake zuba. Idan rufin yana yoyo, ribar da aka yi watanni ana jira za ta ruɓe a cikin buhu.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, lita 1,000 ce ta sauka a kansa. Durom 5 ke nan, nauyin tan ɗaya. Irin wannan ruwa ba baƙo ba ne a Kano cikin Agusta. Dattawanmu suna tuna damunar 1988, wadda ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a birnin Kano, har madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle. Ruwa mai yawa haka ba ya bukatar babbar ƙofa. Tsagar da tsinke zai shiga ta ishe shi.

Mu fara da soro. Rana takan gasa yaɓen da tsakar rana, sanyin hunturu kuma ya matse shi da dare, har ya tsage. Ba ko'ina yake fara tsagewa ba. A duba inda rufi ya haɗu da rawani, da kusurwoyi, da bakin indararo. Gindin indararo shi ne wurin da ya fi cin amana, gama duk ruwan rufin ta nan yake bi. In ruwa ya sami hanya a wurin, sai ya jiƙa kan azara a cikin bango inda ido ba ya gani. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ma ba ta cika damunta ba, amma in ƙasar da ke riƙe da ita ta jiƙe ta yi laushi, rufin yana iya zubowa gaba ɗaya.

Kuskuren da muka fi gani shi ne a ɗebo laka a shafa bisa tsagar a sauka. Wannan rufe ido ne kawai. Sai a kankare bakin tsagar, a buɗe ta kaɗan, a share ƙura, a yayyafa ruwa domin tsohuwar ƙasa ta kama sabuwa. Sa'an nan a cusa ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana biyu ko uku tana tsima, a danna ta sosai. In ta bushe ta ja, a ƙara wani zubi.

Magina na dā suna da abin da suke rufewa da shi. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofi, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin yana hana yaɓen tsagewa, dafara kuma tana ɗaure shi. Yanzu karofi sun ragu ƙwarai, katsi ya yi wuyar samu, shi ya sa mutane suka koma siminti. A ganinmu siminti bisa laka ba aboki ba ne. Ba sa miƙewa tare, ba sa tsukewa tare. Simintin yakan ɗaga ya tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya rasa hanyar bushewa, mai ɗaki kuwa yana kallon saman sumul yana tsammani lafiya lau. Inda akwai tsohon magini da ya san laso, ƙungiya ta neme shi, matasa kuma su tsaya kusa da shi su koya.

Rufin kwano nasa ciwon daban ne. Falle mai tsawon ƙafa 10 yana miƙewa da fiye da milimita ɗaya tsakanin sanyin asuba da zafin azahar. Kullum haka, sai ramin ƙusa ya faɗaɗa, kwaltar da aka liƙa kuma ta bushe ta farfashe. Mutum ɗaya ya shiga ɗakin da rana ya rufe ƙofa. Duk inda haske ya ɓullo, a yi alama. A kankare tsohuwar kwalta duka, a goge tsatsa, a bar wurin ya bushe kafin a sa sabuwa ko a manna tef mai kwalta. In an taɓa sa silikon, a cire shi tas, domin sabon abu ba ya kamawa a kansa. Ƙusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Mai hawa ya taka layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa.

Ba ruɓa kaɗai muke tsoro ba. Gyaɗa da masara in suka sha danshi sukan yi fumfuna mai dafin da ake kira afalatoksin, wanda ke lalata hanta. An gano shi ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda abincin da aka haɗa da ƙuliƙulin gyaɗa mai fumfuna. Dafa abinci ba ya kashe wannan dafi.

Watan Maris da Afrilu ne lokacin aikin, tun ba a shiga sharar gona da kai taki ba. A taron ƙungiya na gaba a zaɓi mutum biyu su hau, ma'aji kuma ya ware kuɗin gyara daga asusu. Bayan ruwan farko su sake hawa da safe, su duba inda ruwa ya kwanta, su kuma cire ganyen da ya toshe indararo. Buhuna dai a ɗora su bisa katako, kada su taɓa bango.