Ƙofofin Jere a Kwamfuta: Yadda Babbar Manhaja Take Gane Su

1.0 Gabatarwa

A garin Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya, inda Hausawan Nijar da dama suke fatauci, akwai tashar bincike da aka kafa a 1932, wadda take auna maganaɗisun ƙasa da girgizarta. Na'urorin awo irin na wannan tasha sukan aika sakamakonsu zuwa kwamfuta ta wata kafa da za a kira "ƙofar jere" a wannan takarda, domin bayanai suna bi ta cikinta ɗaya bayan ɗaya, kamar ayarin raƙuma. Idan kwamfuta ba ta gane ƙofar ba, awon wannan lokaci yana iya salwanta, kuma ƙasa ba za ta maimaita girgizarta don a sake aunawa ba.

2.0 Tushen Matsalar

Tun a shekarun 1980, kwamfutocin IBM da masu koyi da su gurbin ƙofofi huɗu kawai suka tanada, wato COM1 zuwa COM4. A Linux, sunayensu ttyS0 zuwa ttyS3. Kowace ƙofa tana buƙatar abubuwa uku: adireshi, da lambar da take kiran kwamfuta da ita, da direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa ta. Alal misali, adireshin COM1 shi ne 3F8, lambar kiranta 4. Na COM2 kuwa 2F8 da 3. Saboda haka, idan aka soka kati mai ƙofofi takwas don haɗa ƙarin na'urori, babbar manhaja tana iya tsayawa a kan huɗu, ko da katin lafiya lau yake.

3.0 Hanyar Gyara

Da farko, a duba saitin BIOS a tabbatar ba a rufe ƙofofin ba. Na biyu, a Linux, a rubuta umarnin dmesg a ga waɗanda aka gane lokacin tayar da kwamfuta. Na uku, idan adadin bai cika ba, a ƙara 8250.nr_uarts=12 a layin tayarwa; wannan yana buɗe gurbi goma sha biyu. Na huɗu, tsofaffin katuna da ba sa bayyana kansu, sai a faɗa wa manhaja adireshinsu da lambar kiransu ta umarnin setserial. A Windows kuwa, galibi sanya direban kamfanin da ya ƙera katin ya wadatar.

4.0 Kammalawa

An ga cewa soka kati kaɗai bai isa ba. Babbar manhaja tana gane ƙofa ne idan an tanadar mata gurbi da adireshi da direba. Ɗalibai su lura cewa kalmomin "ƙofa" da "adireshi" da "direba" duk sanannu ne a Hausa, ma'anarsu kawai aka faɗaɗa. Sunayen umarni kuwa, irin su dmesg, ba a fassara su, domin harafi ɗaya idan ya sauya, kwamfuta ba za ta karɓa ba.