Motar Takarda da Motar Titi: Cinikin Diyyar Inshora Bayan Hatsari

(Kiɗan buɗe shiri, a sassauta)

 Shirinmu na musamman yau ya nufi yammacin Kano, ƙasar Gwarzo da Kabo, garin Getso. Direbobi, 'yan kamasho, makanikai da masu walda, a matso kusa da rediyo, yau zancen naku ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ranar kasuwar Getso ya san da wuya ya ga motar haya da take yadda aka ƙero ta. Golf ce, amma an ƙara mata sifirin a baya don ta jure buhunan masara. Sharon ce, an cusa ƙarin kujera, an ɗora kariya a sama. J5 ce, injinta na asali ya daɗe da mutuwa, an sayo wani a Ƙofar Ruwa an dasa. Ga kuma sabon yayi, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wasu sun sa tukunyar gas a but. Hikima ce, kuma neman halal ne, ba mai musu.

To amma ga tambayar. Idan irin wannan mota ta yi hatsari, ta yi raga-raga har fanalbita ya girgiza kai, wace mota kamfanin inshora zai biya? Wadda ke rubuce a takarda, ko wadda ke gudu a titi?

Bari mu gama da sharar fage da sauri. Inshorar mota iri biyu ce da ta shafe mu. Ta farko ita ce ta dole, wadda ake haɗa maka cikin takardun mota. Dokarta ta farko ta 1945 ce, zamanin Turawa. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, daga 5,000, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta duba ta a hanya. Sai dai ku saurara da kyau: asarar wani take biya. Motar da ka buga, shagon da ka rusa, mutumin da ka ji wa ciwo. Motarka kai, ko fitila ɗaya ba ta cikin lissafi. Zan maimaita, domin nan ne yawancin rigima ke mutuwa tun kafin a fara ta: wannan takarda ba ta biyan motarka.

Ta biyu ita ce cikakkiya, wadda ta haɗa da motar mai ita. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Motar miliyan 4, naira 200,000 ke nan. Shi ya sa ba kowa ke yi ba. Mai irin wannan inshora shi ne ke da abin zama a teburin ciniki.

Mu buga misali, ba da wani muke ba. A ce wani ɗan kasuwar hatsi ne a Getso, yana da bas da ya yi wa cikakkiyar inshora a kan miliyan 4. Bayan nan ya canza inji, ya ƙara sifirin, ya sa gas, ya kashe miliyan ɗaya da rabi. Ran nan a hanyar Kano zuwa Gwarzo taya ta fashe, mota ta wuntsila. Allah ya kiyaye rayuka, amma mota ta tashi aiki. Kamfani ya aiko mai ƙiyasin asara. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙasa, ya buɗe boneti, ya goge lambar inji da tsumma, ya duba takarda, ya sake duba inji.

Ya ce, "Alhaji, lambar nan ba ita ce a wajenmu ba."

Alhaji ya ce, "Yallaɓai, ai wanda na sa ya fi na da lafiya. Ga rasit."

Ya ce, "Ban musa ba, Alhaji. Amma ka sanar da mu?"

Wannan tambaya, jama'a, ita ce kan gaba ɗaya cinikin. Ka sanar da mu? Kuma da na bi diddiginta, sai ta kai ni wani wuri da ban zata ba, tsibirin Sumatra, a ƙasar Indunusiya ta yau, shekara 260 da wani abu da suka wuce.

(Kiɗa kaɗan)

A gaɓar tsibirin akwai wata ganuwa ta kamfanin cinikin Ingila na Gabashin Indiya, ana ce mata Fort Marlborough. Gwamnan da ke riƙe da ita wani Bature ne, Roger Carter. Carter ya san abin da ke ƙarƙashin hularsa. Ya san ganuwar an gina ta ne don tare mutanen ƙasar, ba za ta iya da igwar jiragen Turawa ba. Ya kuma san Ingila da Faransa suna yaƙi. Sai ya aika wa ɗan'uwansa a Landan ya yi masa inshora, a 1759, cewa idan maƙiyi daga Turai ya ci ganuwar a biya shi. Wani attajiri mai suna Charles Boehm ya karɓi kuɗi ya sa hannu. A 1760 Faransawa suka iso ƙarƙashin wani kwamanda, d'Estaing, suka ci ganuwar.

Carter ya ce a biya. Boehm ya ce atafau ba zai biya ba, an ɓoye masa cewa ganuwar ba ta da ƙarfi. Kun ji? Ka sanar da mu? Ita ce dai, tun 1760.

Shari'a ta kai gaban babban alƙali Lord Mansfield a 1766. A nan ya shimfiɗa ƙa'idar da har yau kamfanonin inshora a Najeriya ke riƙe da ita, domin dokarmu a wannan fanni gadon Ingila ce. Ya ce inshora ciniki ne a kan abin da bai faru ba, kuma mai kaya shi ya fi sanin halin kayansa, saboda haka wajibi ne ya faɗi duk abin da zai canza lissafin mai ɗaukar nauyi. Ma'aikatan inshora suna son wannan rabin labarin ƙwarai. Rabin da ba su cika ba ku ba shi ne: wa ya ci shari'ar?

Carter ne ya ci! Mansfield ya ce Boehm yana zaune a Landan, ya fi mai ganuwa sanin halin da yaƙin Turai ke ciki. Ya san gwamna ne ke neman inshora a kan ganuwarsa, ya san akwai dalili, bai yi tambaya ko ɗaya ba, ya karɓi kuɗi. To bayan asara ta auku ba zai dawo ya ce ba a gaya masa ba. Mu a nan sai mu ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Alƙalin ya ƙara da cewa gaskiyar nan a wuyan kowa take. Idan mai inshora ya karɓi kuɗi a kan jirgin da shi a ɓoye ya san ya riga ya iso lafiya, shi ma ya ci amana, cinikin ya ɓaci.

Ina son wannan hukunci, ba zan ɓoye muku ba. Domin ya ba Alhajinmu na Getso abin faɗa. Kamfanin da ke karɓar kuɗin inshorar motocin haya a ƙasar Kano, ya ce bai san ana canza inji ba? Bai san ana ƙara sifirin ba? Haba dai.

Dokar Inshora ta 2003, wadda aka shafe shekara 22 ana aiki da ita kafin a maye gurbinta a 2025, ta bi wannan sawu. Sashe na 54 ya ce kamfani ya tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne, abin da bai tambaya ba kuwa a ɗauka ba muhimmi ba ne. Ya kuma ce abin da ka faɗa wa wakilin kamfani, a cikin hurumin aikinsa, kamfanin ka faɗa wa. Sashe na 55 ya ce saɓa wani sharaɗi ba ya zama hujjar ƙin biya sai in sharaɗin yana da alaƙa ta gaske da haɗarin ko asarar. Wato in an bugo ka ta baya kana tsaye, rediyon da ka canza ba ruwansa.

Sai dai kada murna ta yi yawa. Wannan garkuwa tana da iyaka. In fom ya tambaya ko an yi wa mota sauyi ka ce a'a, alhali an yi, ka yanke wa kanka igiya. In takardar ta ce ka sanar da duk canjin da ka yi bayan an ƙulla, ka yi shiru, ka ba su ƙofa. In motar gida ka rubuta kana kabu-kabu da ita, wata ƙofar ce. In kujerar mutum bakwai ce a takarda aka ciro goma sha ɗaya, kai ma ka san sauran. Batun gas kuwa ya fi kowanne zafi. A watan Oktoban 2024 wata mota ta yi bindiga a gidan gas a birnin Benin, aka gano tukunyar ƙirar walda ce, ba wadda aka yi don wannan aiki ba. Duk mai ƙiyasin da ya ga tukunya a but, abin da zai fara nema shi ne takardar wurin da aka sa ta.

To a ce kamfani ya yarda zai biya. Nawa? Nan ne ciniki na biyu. Ƙa'idarsu ita ce a mayar da kai inda kake kafin hatsari, ba a ba ka riba ba. Ana duba abu biyu, kuɗin motar a kasuwa ranar da ta faɗi, da adadin da ka rubuta a takarda, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Ku lura da wannan. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuɗin motoci ya bi ta. Alhajinmu da ya rubuta miliyan 4 bai sabunta ba, ko da irin motarsa ta kai miliyan 7 a kasuwa, miliyan 4 ne rufinsa. Daga ciki a cire kason da takarda ta ce shi zai ɗauka a kowace asara. Miliyan ɗaya da rabin da ya kashe a inji da gas? In ba a rubuta ba, ba a biya kuɗin inshorarsu ba, ba su cikin lissafi.

Ina ya rage masa ya ja? Wuri uku. Na ɗaya, farashi. In mai ƙiyasi ya karya darajar motar, kada a tsaya rantsuwa. A je wajen dillalan mota a samo farashin irinta, shekararta, lafiyarta, a rubuce. Tayin farko ba hukuncin alƙali ba ne, ana iya mayar da shi. Na biyu, gawar motar. In kamfani ya biya cikakke, ƙarfen ya zama nasa. Amma Alhaji na iya cewa a bar masa, a cire kuɗinta, kuma mutumin da ya san Ƙofar Ruwa sau da yawa ya fi mai ƙiyasi sanin abin da inji da giya za su yi a can. Ko ya nemi a bar shi ya kwance tukunyar gas da sifirin da ya ƙara, tunda kamfanin da bakinsa ya ce ba su cikin abin da ya ɗauki nauyi. Abin da ba ka biya ba, ai ba ka gaje shi ba. Na uku, takardar sallama. Da zarar ka sa hannu cewa ka karɓa ka gamsu, magana ta ƙare. Kada a sa hannu a tsaye. A kai gida, a ba mai karatu ya karanta.

Injiniyanmu ya fara ɗaga mini hannu, bari in haɗa sauran a gurguje.

In an ƙi biya ko ana jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke, a rubuta musu, a haɗa da rahoton 'yan sanda, hotuna da rasitai. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, kuma hanzarta biyan diyya na cikin abin da ta sa gaba.

Masu ƙyamar inshora saboda addini, akwai takaful, tsarin taimakekeniya da aka fara a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful, Noor Takaful da Salam Takaful. Can ma sai ka faɗi gaskiyar motarka, domin asusun na 'yan'uwanka ne.

Takardar dole kuma, a tabbatar ba ta bogi ba ce. A danna *565*11# a waya, a sa lambar mota, za a gani. Ranar da ka bugi motar wani aka zauna sulhu gaban ciyaman na tasha, takarda mai kyau ce za ta hana a sayar da gonarka.

Na so mu taɓo batun diyyar rai da rauni, lokaci bai bari ba, sai wani makon. Abin da za a riƙe yau: cinikin nan ba ranar hatsari ake cin sa ba, ranar da bakanike ya ɗaure inji ake cin sa. Kafin ka bar gareji, ka ɗauki hoto, ka karɓi rasit, ka rubuta wa kamfani, ka sa su ba ka amsa a rubuce. In sun ƙara kuɗi, ka biya. In sun yi shiru sun karɓa, kwafin wasiƙarka ya ishe ka hujja.

Gaisuwa ga direbobin Getso, Gwarzo da Kabo. A rage gudu, a rage lodi. Allah ya kiyaye hanya. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)