DAWA TA GAJI SHA'IR, AMMA WA ZAI GAJI HOF A ƘASAR ZUMA?

Ƙasar da ke kewaye da Dutsen Zuma, daga Madalla har Suleja a Jihar Neja, tana cikin ƙasashen da Allah Ya yi wa albarkar noma. Ruwan sama yakan sauka tun daga Afrilu har Oktoba, doya da masara da dawa duk suna yi, ga kuma kasuwar Abuja a bakin ƙofa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in manomin wannan yanki ya ji labarin wani tsiro da Nijeriya ke sayowa daga ƙetare da dala, ya tambayi kansa ko zai iya shuka shi a bayan gida. Irin wannan tsiro shi ne hof.

Hof wata ciyawa ce mai yaɗo kamar wake, tana nannaɗe igiya ta hau sama har mita shida ko bakwai. Furen macen kaɗai ake bukata. A cikinsa akwai wani gari rawaya mai danƙo, shi ne ke ba giyar kwalba ɗacinta da ƙamshinta, shi ne kuma ke hana ta saurin lalacewa. Har wasu daga cikin lemunan malt marasa sa maye, waɗanda ake raba wa baƙi wajen biki da suna, akan ɗan sa musu shi. Manyan gonakinsa suna Halatau ta ƙasar Jamus da kwarin Yakima na Amurka.

Tarihin yadda Nijeriya ta dogara da kayan waje a wannan sana'a ba gajere ba ne. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Ikko a 1949, ya buɗe masana'antarsa ta Kaduna a 1963, kuma a duk tsawon waɗannan shekaru tsiron sha'ir da hof ta jirgin ruwa suke zuwa. Da kuɗin mai ya ja baya, sai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga 1988. Kamfanoni suka yi kuka, suka ce injunansu ba su san wata ƙwaya ba sai sha'ir, amma da wuya ta yi wuya sai suka waiwayi dawa da masara. Irin dawar nan SK 5912, watau gajerar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar, tana cikin waɗanda suka fi karɓuwa wajen yin tsiro. Ko bayan da aka sassauta dokar, dawa ba ta koma gida ba. A 2008 kamfanin ya buɗe katafariyar masana'antar tsiron dawa a Aba.

Abin ban dariya a nan shi ne, dabarar da injiniyoyi suka sha wuya kafin su gano, matan Gwari da na sauran ƙabilun wannan yanki sun daɗe da saninta. Mai burukutu takan jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta har ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa a manyan tukwanen ƙasa, sa'an nan ta bar ta ta yi tsami ta tashi. Ba ta sa hof, ba ta ma taɓa ganinsa ba. Shi ya sa burukutu tsami gare shi maimakon ɗaci, shi ya sa kuma ba ya jimirin ajiya: in ba a sayar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu ba, ya zama asara.

To, in dawa ta iya maye gurbin sha'ir, me zai hana a noma hof a gindin Zuma? Mutane da dama za su zaci zafi ne ko rashin taki. Waɗannan suna da nasu, amma babbar matsalar tana sama ne, watau tsawon yini. A ƙasashen da hof ke yi, tsakanin digiri 35 zuwa 55 daga layin Ikwaita, yinin bazara yakan kai awa 15 ko 16. Muddin yini yana da tsawo haka, tsiron ba ya fure, sai dai ya yi ta hawa yana fitar da rassa, wani lokaci har kusan ƙafa guda a rana. Sai yini ya fara gajarta sa'an nan ya yi fure, kuma a lokacin yana da rassan da za su ɗauki kaya mai yawa. Suleja kuwa tana wajen digiri 9 ne. Yininta mafi tsawo bai kai awa 13 ba. Hof da aka shuka a nan, tun yana ɗan ƙarami zai ɗauka kaka ta yi, ya yi 'yan furanni kaɗan, ya tsaya. Bugu da ƙari, saiwarsa tana son ta kwanta barci cikin sanyin hunturu mai tsanani na makonni, irin wanda hunturunmu na Disamba bai ko kama ƙafarsa ba.

Gaskiya ne akwai waɗanda suka yi wa rana dabara. A garin Joj na Afirka ta Kudu ana noman hof tun cikin shekarun 1930, kuma sun ƙirƙiro irinsu mai haƙuri da gajeren yini, amma fa su suna digiri 34 ne, a bakin iyakar ƙasar hof. A Filorida ta Amurka da kuma Barazil, masu bincike da manoma suna rataya fitilun lantarki a kan gona su ƙara wa yini awoyi bayan magariba. Dabarar tana aiki. Sai dai duk wanda ya san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu, ya san kuɗin man janareta, ya san farashin turaku da waya masu tsawon mita shida, zai iya yi wa kansa lissafin ko furen da zai tsinka zai biya.

Hanyar da ta fi kusa da hankali ita ce wadda Habashawa suka bi. Su ba su jira hof ba. Suna da itacensu mai suna gesho, wanda suke sa ganyensa da itacensa a giyarsu ta gargajiya. Masana a jami'o'in Nijeriya sun daɗe suna gwada irin wannan da shuwaka, da namijin goro, da ganyen utazi na ƙasar Ibo, har da dogon yaro. Ɗaci dai akwai shi, wanda ya taɓa cin miyar shuwakar da ba a wanke sosai ba shaida ne. Abin da ya gagara shi ne ƙamshi, da kumfa, da kuma samun ɗaci iri ɗaya daga wannan buhu zuwa wancan, domin kamfani ba ya son kwalbar yau ta bambanta da ta jiya. Saboda haka har yanzu hof daga waje yake zuwa, galibi a dunƙule ko a tatse cikin gwangwani.

Kuɗin da ke cikin wannan al'amari ba na wasa ba ne. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, Nigerian Breweries ya bayyana asarar fiye da naira biliyan 100 a wannan shekara, yawancinta saboda canjin kuɗi, kuma a 2024 ya dakatar da aiki a masana'antunsa biyu. Duk lokacin da dala ta hau, kamfanoni sukan ƙara matsowa kasuwannin hatsi na Arewa, irin su Dawanau ta Kano.

A nan ne maganar ta shafi kowa, har wanda bai taɓa kusantar giya ba. Jihar Neja tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, kuma manomi Musulmi na masarautar Suleja yana da hujjarsa ta addini in ya ƙi shuka abin da ya san amfaninsa mafi girma shi ne barasa. Da hof zaɓin a fili yake. Da dawa kuwa ba haka ba ne: ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai tirela, buhun ya tafi ko masana'antar lemon malt, ko ta giya, ko ta abincin kaji, shi bai sani ba. Matarsa ce takan fara ganewa, ranar da ta aika a auno mata tiyar dawar tuwo a kasuwar Madalla aka dawo mata da sabon farashi.