Ladan da Ambaliya Ba Ta Ci

Manomin shinkafa a fadamun Kirikasamma ya san shuka daban, girbi daban. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 Kogin Haɗeja ya sauya hali, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Wata shekara gona ta ƙone da fari, wata shekara, kamar 2022, ambaliya ta lashe ta. Amma da damina ta faɗi, sai ya sake zuba iri. Shi ya sa wa'azin ladan sama bai kamata ya yi wa Kiristocin wannan yanki wuyar ganewa ba, su da suke 'yan tsiraru a cikin maƙwabtansu Musulmi.

Lada kalma ce mai santsi. A bakin Bahaushe, lada shi ne abin da ake miƙa wa ɗan dako, shi ne kuma sakamakon lahira. Wannan kalmar ce ke cikin Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa. A nan ake tuntuɓe. A koyarwar ikilisiyoyi irin su ECWA, ceto kyauta ne, aiki ba ya sayensa. Lada kuwa daga baya yake zuwa, gwargwadon amincin wanda aka riga aka ceta. Manzo Bulus ya kwatanta wa Korantiyawa abin da gini: wani ya yi da zinariya, wani da ciyawa, wuta ce za ta tantance. Mai ciyawa zai tsira da ransa, amma hannu rabbana. Wanda gobara ta taɓa cinye masa rumbu ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Akwai masu cewa wannan ai ciniki ne da Allah. Ban yarda ba. Ɗan kasuwa sai ya ga kaya yake kwance lalita, shi kuwa wannan lada amfaninsa a inda babu ido: mai awon da ya cika mudu alhali mai saye ya juya baya, ko ma'aikaciyar jinyar da ta kwana kan majinyacin da ba danginta ba.

Ga misalin masu shukar da ba su ga girbinsu ba: a 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare, Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya bi su ba. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1954, bayan shi ma ya rasu, aka kafa ECWA daga aikin da suka fara.