Yoga, Zaman Shiru da Wuridi: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Barci ya yi tsada a Bukkuyum, da Gwashi, da Nasarawar Burkullu. Wanda ya taɓa gudu cikin dare da yaro a kafaɗa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ƙarar babur kaɗai kan sa gabansa ya faɗi. Cikin wannan hali ne bidiyoyin koyar da yoga da zaman natsuwa suka shigo wayoyin matasanmu: ka zauna, ka rufe ido, ka bi numfashinka. Maganganu kuwa suka biyo baya. Wani ya ce tsafin Indiyawa ne, duk wanda ya gwada ya bar Musulunci. Wani ya ce motsa jiki ne zalla, ba ruwansa da addini. Wani ya ce yana kashe hawan jini har a jefar da ƙwaya. Wasu kuma suka samu sandar dukan 'yan ɗariƙa, suka ce ai wuridi da halwa ma daga can aka kwaso su.

Masu cewa yoga ba ta da alaƙa da addini ba su faɗi gaskiya ba. A ƙasar Indiya ta tsiro, cikin addinin Hindu da makwabtansa, kuma tsohon littafinta da ake jinginawa Patanjali ya tsara ta matakai takwas ne, waɗanda lanƙwasa jiki ɗaya ne kawai daga cikinsu. Manufar ƙarshe ita ce kuɓutar ruhi bisa fahimtarsu. Kalmar "om" da ake rerawa a wasu azuzuwa abu ne mai tsarki a wurinsu, jerin motsin nan da ake kira gaisuwar rana kuwa sunansa ya isa shaida. Ko gwamnatin Indiya, da za a yi bikin Ranar Yoga ta Duniya na farko ran 21 ga Yunin 2015, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar a Disambar 2014, sai da ta cire gaisuwar rana daga tsarin bikin, a daidai lokacin da Musulmin ƙasar ke ƙorafi a kanta. Haka tsarin da Maharishi Mahesh Yogi ya yaɗa a Turai da Amurka da sunan kimiyya: kafin a ba ɗalibi kalmar da zai riƙa maimaitawa, sai an yi hidima da furanni da 'ya'yan itace gaban hoton malaminsu. A 1977 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta ce abin addini ne, ta hana koyar da shi a makarantun gwamnati, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1979.

Akwai kuma hanyar tambayar kai, wadda ta fi shiga zukatan masu karatu domin ba ta da turare ko gunki. Jagoranta Ramana Maharshi ne, wanda ya rayu daga 1879 zuwa 1950, ya zauna gindin dutsen Arunachala a kudancin Indiya. Yana koya wa mutum ya bi diddigin kowane tunani ya tambaya wa ke yin sa, har ya kai ga tushen "ni". A kunne kamar tafakkuri ne. Amma amsar da makarantarsa ke nufa ita ce, a ƙarshe babu bambanci tsakanin ainihin mutum da abin da suke ɗauka mafi girma. Wannan aƙida ce, kuma ta ci karo da tauhidi gaba da gaba, domin a wurin Musulmi bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne. Malamin da ya ja kunnen ɗalibansa a kan wannan ya yi aikinsa.

To amma daga nan zuwa cewa duk mai zama shiru yana jan numfashi a hankali ya kafirta, tafiya ce mai nisa, kuma malaman da suka zauna suka duba ba su yi ta ba. Majalisar Fatawa ta ƙasar Malesiya a 2008, da Majalisar Malamai ta Indunusiya a 2009, abin da suka ɗora haramcin a kansa shi ne rere-reren bauta da aƙidun da ke cakuɗe da yoga. Malaman Indunusiya sun fito fili sun ce motsa jikin da babu waɗannan a ciki ya halatta. Saudiyya kuwa tun 2017 ta sa yoga cikin wasannin da ta yarda a koyar. Numfashi ba mallakin wata al'umma ba ne. Idan mutum ya sassauta fitar da numfashi, bugun zuciya kan ragu, jiki ya saki. Halitta ce, ko a asibiti ungozoma kan koya wa mai naƙuda haka. Kafirta Musulmi ba ƙaramin al'amari ba ne, bai kamata a yi shi da saƙon murya na minti biyu ba.

Batun da ya fi ci mini rai shi ne na wuridi, domin ƙarya ce da ke raba masallatai. Halwa a wurin Musulmi ta samo misalinta ne daga kaɗaitar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kogon Hira. Yi wa kai hisabi da kiyaye zuciya suna nan a rubuce a wurin Harisul Muhasibi, haifaffen Basra da ya rasu a Bagadaza a 857, Imam Gazali kuma ya ware musu babi guda a Ihya'u. Ƙadiriyya na komawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani da ya rasu a Bagadaza a 1166, Tijjaniyya ga Shehu Ahmad Tijjani da ya rasu a Fas a 1815, kuma ta Sahara suka iso mu, ba ta tekun Indiya ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ɗan Ƙadiriyya ne. Gaskiya ne cuɗanya ta faru a wani wuri: Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci a ƙarni na 11, wasu sufayen Indiya kuma, irin su Muhammad Gaus na Gwaliyor a ƙarni na 16, sun yi rubutu a kan dabarun numfashin yogawa. Wannan tarihin Indiya ne. Ɗora shi a kan tsohon da ke jan carbi bayan Asuba a Gummi zalunci ne. Wanda ke da saɓani da ɗariƙa ya kawo hujjarsa ta ilimi, akwai filin wannan tun da daɗewa.

Saura masu tallar magani. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi kan mutum fiye da 3,500. Abin da suka gani shi ne zaman natsuwa na rage damuwa da ƙuncin rai da raɗaɗin ciwo daidai gwargwado, kuma babu shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2017 ta ce ana iya haɗa shi da magani, ba a maye gurbin magani da shi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Yargalma da Dareta da Bagega daga 2010, inda sama da 400 suka rasu, mun san akwai cutar da sai asibiti. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa saboda bidiyo, shanyewar ɓarin jiki yake gayyata.

Akwai ma abin da masu tallar ba sa faɗa. Ga wanda ya ga kisa da idonsa, ko ya yi makonni a hannun 'yan bindiga, rufe ido cikin shiru na iya dawo masa da abin da ya gani ɗanye shar. Masu bincike a Jami'ar Brown sun rubuta irin waɗannan matsaloli a 2017. Irin wannan bawan Allah mutane yake buƙata kusa da shi, da ma'aikacin lafiya da zai saurare shi.

Wanda kuwa ke neman hankalinsa ya riƙa zama tare da shi a harkokin yini, ba sai ya ari komai ba. Ya yi alwala ba gaggawa, ya ba ruku'u da sujada haƙƙinsu, ya ci tuwo waya na aljihu, in fushi ya taso yana tsaye ya zauna kamar yadda sunna ta koyar. In ya ga darasin numfashi, ya duba: akwai kalmar da za a ce ya rera bai san ma'anarta ba? Akwai hoton da za a rusuna wa? Ana ce masa shi da Mahalicci ɗaya ne? In akwai, ya bari. In babu, ya yi abinsa.

Iyaye da malamai, in kun ga ɗanku ya yi wata da watanni ba ya barci, yana firgita, ya daina shiga mutane, kada ku tsaya gardamar yoga a kansa. Ku kai shi babban asibitin Anka ko na Gummi, in abin ya fi ƙarfinsu a tura ku Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.